Manajan tashar tsandauri: Abin da ya kamata takardar neman aiki ta faɗa

Kowace shekara ma'aikatan tarayya da dama na kaiwa ƙarshen zangonsu, ko dai sun cika shekara 35 suna aiki ko shekara 60 da haihuwa. Haka nan duk lokacin da aka yi wa majalisar ministoci garambawul, hadimai kan wayi gari babu ofis. Akasarinsu da sauran ƙarfi a jika, ga iyali, ga 'yan makaranta, ga fanshon da ba ya kai ƙarshen wata. Shi ya sa idanun wasu, musamman waɗanda suka yi aiki a fannin sufuri, ke kan wani sashe da ke buɗewa a hankali, wato tashoshin sauke kaya na kan tudu, waɗanda ake kira tashoshin tsandauri.

A watan Janairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar Kaduna da ke Kakuri. Ta Dala da ke Zawaciki a Kano ta biyo baya a Janairun 2023, sai ta Funtuwa a watan Mayun 2024. Manufarsu ita ce ɗan kasuwar Arewa ya karɓi kwantenarsa, ya kammala da Kwastam a kusa da gida, mai fitar da riɗi ko citta ko zoɓo kuma ya miƙa kayansa ba sai ya yi zarya zuwa Apapa ba. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke tafiyar da su, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Masu Shigo da Kaya da Fitar da Su ta Ruwa. Kowace tasha na bukatar manaja da mataimakansa, kuma ƙofar farko da mai nema zai ƙwanƙwasa ita ce takardar tarihin aikinsa, wadda aka fi sani da CV.

A nan ne gogaggen ma'aikacin gwamnati kan yi tuntuɓe. Takardar da ya saba rubutawa takan kai shafi bakwai ko takwas. Takan fara da jiharsa da ƙaramar hukumarsa, ta jero makarantun da ya yi tun daga firamare, ta bi matakan albashi ɗaya bayan ɗaya har zuwa mataki na 16 ko 17, sannan ta lissafa kwamitoci da tarukan bita da tafiye-tafiye ƙasashen waje. Daga ƙarshe a rufe da sunayen manya uku da za su tsaya masa. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, kuma a ma'aikata yana da amfani, domin can ana ƙarin girma ne bisa shekaru da jarrabawa da guraben da ke akwai. Sai dai wanda ya zuba kuɗinsa ya gina tasha wata tambaya daban ce a ransa: wannan mutum zai iya fitar da kaya da wuri, cikin aminci, ba tare da asara ba?

Aikin manajan tasha aikin lissafi ne na yau da kullum. Zai san kwana nawa kwantena ke yi a fili kafin mai ita ya ɗauka, domin da zarar kwanakin rangwame sun ƙare, kuɗin jinkiri na kamfanin jiragen ruwa da kuɗin ajiya su fara hawa kan ɗan kasuwa. Zai san awa nawa tirela ke yi daga shigarta ƙofa zuwa fitarta. Zai tsara yadda ake jera kwantenoni don kada a ɗage huɗu kafin a kai ga guda. Kwantenar sanyi tana son wutar da ba ta yankewa, kayan da ke iya kamawa da wuta kuma sai an ware musu wuri. Injin ɗaga kaya idan ya lalace babu kayan gyara a ajiye, tasha ta tsaya cak. Ga dizal, ga albashi, ga ƙungiyar lebura da ta direbobi, ga jami'an Kwastam da sauran hukumomin da ba ya iko da su amma dole ya zauna da su lafiya. Takardar da ba ta taɓo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, komai tsawonta, ba ta amsa tambayar mai tasha ba.

Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata sun yi aikin da ya dace, rubuta shi ne ba su iya ba. Wanda ya riƙe ɗakin ajiyar kaya na wata hukuma ya san ƙidayar kaya da toshe kafar sata. Wanda ya kula da motocin ma'aikata ya san jadawalin gyara da lissafin mai. Wanda ya yi sashen sayen kaya ya san yarjejeniya da 'yan kwangila. Hadimin da ya shirya zaman sulhu tsakanin hukuma da ƙungiyar direbobi ya yi wani ɓangare na aikin manaja. Amma duk wannan sai a dunƙule shi cikin jimla guda maras rai, cewa ya gudanar da duk ayyukan da shugabansa ya ɗora masa.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Takardar ta tsaya a shafi biyu. Ta buɗe da layi uku ko huɗu da ke bayyana shekarun gogewa a sufuri ko ajiyar kaya da girman abin da mutum ya riƙe. A fara da aikin baya-bayan nan, a koma baya. Ƙarƙashin kowane muƙami a faɗi yadda aka tarar da aiki, abin da aka yi, da yadda aka bar shi: mutum nawa ke ƙarƙashinsa, kasafin nawa ya sarrafa, kwana nawa takarda ke yi a tebur a da da kuma bayan ya gyara. A ambaci sanin takardun shigo da kaya kamar Form M da PAAR idan da gaske an san su, da irin manhajar kwamfuta da aka yi aiki da ita. Kwas guda a Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya ya fi tarukan bita goma da ba su shafi sufuri ba. Waɗanda za su tsaya wa mutum kuwa su kasance waɗanda suka ga aikinsa da idonsu, ko da ba a san su a jarida ba.

Akwai iyakoki uku da bai kamata a tsallake ba. Na farko, gaskiya. Alƙaluman da ba za a iya kare su a gaban masu tantancewa ba gara a bar su, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu harkar tashoshi sun san juna. Wanda ya kasance mamba a kwamiti kada ya rubuta cewa shi ya jagorance shi. Na biyu, sirrin gwamnati. Rantsuwar da ma'aikaci ya yi ba ta faɗuwa ranar da ya ajiye aiki, don haka a yi amfani da abin da aka riga aka bayyana wa jama'a. Na uku, doka. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun hana ma'aikacin dindindin shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Mai son kujerar manaja sai ya bar ta gwamnati tukuna. Kuma wanda a yau yake sa hannu kan takardun wani kamfani, bai dace ya riƙa aika masa takardar neman aiki ta bayan fage ba.

Wani zai ce duk wannan zance ne, a Najeriya wa ka sani ya fi me ka sani, kuma katin babban mutum ya fi shafi biyu tasiri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba kuma a gwamnati kaɗai ba. Amma kati ƙofa kawai yake buɗewa. Ma'aikata tana iya ɗaukar shekaru da shugaban da bai san aiki ba, albashi na fita daga baitulmali ko an yi aiki ko ba a yi ba. Tasha ba ta da wannan gatan. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da kayansa suka maƙale sau biyu ba zai rubuta ƙorafi ba. Zai koma wa wakilinsa na Legas, ko ya bi ta Kwatano, maƙwabtansa kuma su bi sahunsa.

Tashoshin ma suna da nasu ƙalubalen da ya fi ƙarfin kowane manaja. Sabon layin dogo da aka buɗe a 2021 ya tashi daga Legas ne ya tsaya a Ibadan, tsohon layin da ya kai Kano kuma ya tsufa, don haka kaya da yawa na hawa titi da tsadarsa da shingayensa. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, idan ya kammala, zai iya mayar da Kano mashigar kayan Nijar. Wannan ya ƙara wa zaɓen manaja nauyi. Inda jirgin ƙasa bai zama abin dogaro ba tukuna, ƙwarewar mai riƙe da fili ce za ta sa ɗan kasuwa ya dawo ko ya juya baya.

Don haka nauyin ya hau kan ɓangarori biyu. Kamfanonin da ke riƙe da tashoshin su riƙa tallata gurabensu a fili, su faɗi ma'aunin da za su yi amfani da shi, su kuma bi shi. Ma'aikacin da ke hangen wannan kujera kuwa kada ya jira sai takardar ritaya ta iso. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun yana ofis ya fara rubuta abin da ya gyara da ranar da ya gyara shi da shaidar da ke nuna hakan. Idan ya zauna ya rasa abin da zai cika shafi biyu da shi, to ya gano gaskiyar da ta fi takardar muhimmanci, kuma yana da sauran lokacin da zai gyara tun bai bar kujerarsa ba.