Richard Scolyer: likitan sankara da ya miƙa kansa don gwaji, da abin da labarinsa ya tabbatar

A watan Mayun 2023, Farfesa Richard Scolyer yana ziyarar aiki a ƙasar Poland sai jijjiga ta kama shi. Gwaji ya nuna yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, irin wanda likitoci ke kira giliyobilastoma, mafi muni cikin sankarar da ke tsirowa a cikin kai. Shekarunsa 56 a lokacin. Bai buƙaci kowa ya fassara masa sakamakon ba, domin sana'arsa ke nan: duba tsokar da aka yanko daga jikin majinyaci a madubin likita, ya faɗi irin cutar da inda ta dosa.

Scolyer ya yi suna ne a kan sankarar fata, wadda ta addabi Ostareliya saboda zafin rana. A lokacin, shi da Farfesa Georgina Long ne ke jagorantar cibiyar binciken wannan cuta a birnin Sydney. A shekarun baya, cikin mutum goma da cutar ta bazu a jikinsu da ƙyar ɗaya ke kai shekara biyar. Yau fiye da rabi na kaiwa, albarkacin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar da kanta. Wani abin da cibiyar ta taimaka wajen nunawa shi ne maganin ya fi aiki idan aka ba da shi kafin tiyata, tun ƙarin yana nan, don garkuwar jiki ta ga abokin gabarta ta gane shi.

Wannan dabarar ce Long ta ce a gwada a kan abokin aikinta. Aka ba shi haɗin magunguna uku, aka jinkirta tiyata da kwana 12, sannan aka yanke ƙarin aka bi da hasken da ke ƙone ƙwayoyin cutar. Ba a taɓa yi wa mai sankarar ƙwaƙwalwa haka ba. Kasada ce babba, don kumburi kaɗan a cikin ƙoƙon kai yana iya kashe mutum.

Me ya sa likita zai yarda da haka? Amsar tana cikin tarihin cutar. Hanyar da asibitocin duniya ke bi har yau ta samo asali ne daga binciken da Dakta Roger Stupp, ɗan ƙasar Suwizalan, ya jagoranta aka wallafa a 2005: tiyata, sai hasken ƙone cuta na mako shida tare da ƙwayar temozolomide. A kan majinyata 573 aka gwada, kuma matsakaicin tsawon rai ya tashi daga wata 12.1 zuwa 14.6. Ƙarin wata biyu da rabi ke nan, amma aka ɗauke shi babbar nasara, kuma shekara ashirin bayan haka shi ne dai ginshiƙin jinya.

A Janairun 2024 aka ba Scolyer da Long lambar gwarzon shekara ta Ostareliya. A watan Mayu ya sanar cewa hoton ƙwaƙwalwarsa bai nuna alamar ƙarin ba. Nan labarin ya kuɓuce wa masu shi, ya zaga duniya a matsayin likitan da ya warkar da kansa, alhali su biyun ba su taɓa faɗin haka ba. A Maris 2025 ya sanar da kansa cewa ƙarin ya dawo.

To, an yi asara ke nan? A ganina a'a, sai dai ribar ba ta kai yadda aka kururuta ba. Rahoton da mujallar Nature Medicine ta buga a farkon 2025 ya nuna ƙwayoyin garkuwar jiki sun ƙaru sosai a cikin tsokar da aka ciro, wato maganin ya isa wurin da ake shakkar zai isa. Ya kuma shafe kusan shekara biyu kafin cutar ta dawo, inda aka saba ganin ta dawo cikin kimanin wata bakwai. Amma mutum ɗaya ba ya zama hujja. Akwai 'yan tsirarun majinyata da ke daɗewa haka ko da tsohuwar hanyar, kuma sai an gwada a kan mutane da yawa, an kwatanta rukuni da rukuni, za a san ko maganin ne ya yi aikin. Duk mai tallar maganin daji a Facebook ko WhatsApp da shaidar mutum guda, a tuna cewa manyan masana na Sydney ma ba su yi wannan iƙirarin ba.

Ga mai karatu a Damagaram, Garwa ko Anjamena, tazarar ta fi nan nisa. Tsarin 2005 ɗin ma yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, likitan tiyatar kai, mai duba tsoka irin Scolyer, da na'urar haske da za a je mata sau 30. Nijar sai a 2021 ta buɗe sashen haskenta na farko, a cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa da ke Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Mutumin Diffa da aka rubuta wa wannan jinyar zai yi tafiyar fiye da kilomita 1,300, ya kuma nemi masauki na mako shida.