Haɗa Amfilifaya Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

  Waɗanda suka san ni sun san cewa idan an tashi daga makaranta, ba wuya a same ni a kan ƙaramin teburina da ƙarfen narka dalma a hannu ina haɗa amfilifaya, wato na'urar nan da take karɓar 'yar ƙaramar murya daga makirufo, ta ƙara mata ƙarfi, ta miƙa wa lasifika. Wasu abokan aiki sukan yi mini ba'a, wai babba da ni ina wasa da wayoyi. Wasu iyaye kuma sun roƙe ni kada in ɗauke hankalin 'ya'yansu daga littafi. Ni dai ra'ayina shi ne, wannan aiki karatu ne sosai, kuma ya kamata makarantarmu ta ba shi wuri. Ga dalilaina.

Wata ikkilisiya da na taɓa zama a cikinta ta yi watanni tana tara baiko na musamman, zumuntar mata ma ta kawo tata gudummawa, aka je kasuwa aka sayo sabuwar amfilifaya. A jikin kwalin an rubuta wat 2000 da manyan baƙaƙe, a gefe kuma da ƙananan haruffa an sa PMPO. Ranar sujadar godiya ta girbi aka jona mata lasifika huɗu, mawaƙa suka ɗauki waƙa, ba a kai baiti na biyu ba sai warin ƙuna ya cika majami'a. Da aka kawo mini ita na buɗe, sai na tarar fis ɗinta na amfiya 1 ne. To, ko ɗalibin aji huɗu zai iya wannan lissafi: bolt 230 na wutar gidajenmu sau amfiya 1, wat 230 ke nan. Na'urar da ba za ta iya shan fiye da wat 230 daga bango ba, ina za ta samo 2000 ta bayar? Ban da haka, lasifika huɗu masu om 8 da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa sun koma om 2, wato an ɗora mata kayan mutum huɗu. Gumin manoma da na gwauraye ya tafi a banza, ba domin rashin bangaskiya ba, sai domin a cikinmu babu wanda ya san tambayar da zai yi wa mai kanti.

Wannan ruɗi ba sabo ba ne. A Amurka, tun 1974 hukumar tarayya mai kula da ciniki ta kafa doka cewa mai tallar amfilifaya ta gida dole ya faɗi ƙarfin da za ta iya bayarwa a ɗore, ba na ƙiftawar ido ba. Wannan shi ne adadin da akan rubuta RMS a gefensa. PMPO kuwa ba shi da wani mudu guda da kowa ya amince da shi, kowane kamfani da yadda yake awonsa. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Dalilina na farko ke nan: ɗalibin da ya taɓa haɗa amfilifaya da hannunsa, ba a cutarsa da rubutun kwali, ba kuma za a cuci ikkilisiyarsa yana tsaye ba.

Dalili na biyu, babu darasin lantarki da muke koyarwa a aji wanda ba ya cikin wannan akwati. Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda ɗalibai suke haddacewa domin jarrabawa su manta bayan mako guda, ita ce matakin farko. A ce kana son wat 100 na gaskiya a kan lasifika mai om 8. Lissafi zai nuna maka kana bukatar kimanin bolt 28 a ɗore, wanda ƙololuwarsa bolt 40 ce, kuma a wannan ƙololuwa amfiya 5 za ta bi ta wayar. Saboda haka taransifoma da kafasitocinka sai sun ba ka wajen bolt 45 sama da kuma 45 ƙasa. Daga nan za ka san irin taransistan da zai jure, da kaurin waya, da girman fis. Idan ka yi kuskure a takardar jarrabawa, jan biro ne kawai. Idan ka yi shi a nan, hayaƙi za ka gani. Gani kuwa ya kori ji.

Ni ma na ga nawa hayaƙin. Irin amfilifayar da muka fi haɗawa, wadda ake kira aji AB, ko a lissafin takarda ba ta iya miƙa wa lasifika fiye da kashi 78.5 cikin ɗari na wutar da ta sha, a aikace ma ba ta kai haka. Sauran duk zafi ne, shi ya sa ake ɗaure manyan taransistoci a jikin faffaɗan alminiyum mai fikafikai. Taransista kuma yana da wani hali: in ya yi zafi sai ya ƙara jan wuta, in ya ƙara jan wuta sai ya ƙara zafi, har ya hallaka kansa. Maganin abin shi ne a manna wani ƙaramin taransista a jikin alminiyum ɗin, ya riƙa jin zafin yana rage wutar. A aikina na farko, garaje ya sa na bar wannan ƙaramin yana lilo a iska. Cikin 'yan mintoci taransistoci biyu masu lamba 2N3055 suka ƙone, suka kuma tafi da lasifikar da na aro a wurin maƙwabcina. Daga albashina na biya shi. Tun daga ranar ban sake raina ƙaramin abu a cikin aiki ba.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi damuna. Samarinmu sun ɗauka cewa yawan wat shi ne yawan ƙara, yawan ƙara kuma shi ne albarka. Ba haka ba ne. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kaɗai ka ƙara, kunne zai ji bambanci kaɗan ne. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka biyu, sai an ninka ƙarfin kamar sau goma. Sau da yawa gyara wurin da aka ajiye lasifika ya fi sayen babbar na'ura amfani. Kuma idan aka murɗa amfilifaya fiye da iyakarta, sai ta fara yanke kan sautin, murya ta dishe, ƙananan lasifiku masu fitar da siririyar murya su ƙone. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Mu tuna da jarirai da ke goye a bayan iyayensu mata a kujerun gaba, da tsofaffi, da maƙwabta, Kirista da Musulmi, waɗanda suke da marar lafiya a ɗaki.

A 1927 wani injiniya a Amurka mai suna Harold Black ya gano wata dabara da har yau kusan kowace amfilifaya take aiki da ita. Akan ɗebi kaɗan daga abin da ke fita, a mayar da shi baya a gwada da abin da ya shigo, domin na'urar ta gyara kuskurenta da kanta. Da gangan ake sadaukar da wani ɓangare na ƙarfin ƙarawarta domin muryar ta fita daidai yadda ta shiga. Aikin amfilifaya ke nan: ta isar da abin da aka ba ta da aminci, ba ƙari ba ragi. Idan fasto yana wa'azi, dattijuwar da ke kujerar baya ta ji kowace kalma sarai, an gama. Wanda ya gina na'urar ya fi kowa sanin wannan, shi ya sa ba shi ne yake murɗa ta har ƙarshe ba.

Na san akwai masu cewa, ai yanzu kasuwa cike take da ƙananan alluna da aka riga aka haɗa, irin na aji D, masu araha, waɗanda ba sa zafi sosai domin suna miƙa wa lasifika wajen kashi 90 cikin ɗari na wutarsu. Gaskiya ne, ni ma ina amfani da su. Amma ranar da allon ya mutu ana saura awa ɗaya ɗaurin aure, wa zai gane ko fis ne, ko kafasita, ko wayar lasifika ce ta haɗu? Mai saye kawai zai tsaya yana kallo, wanda ya taɓa ginawa kuwa zai ɗauko mita.

Masu tsoron haɗari kuma suna da gaskiyarsu, ba zan ɓoye ba. Wutar bango tana kisa. Manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an kashe na'ura, kuma tsakanin bolt 45 na sama da na ƙasa akwai bolt 90. Amma yaron da aka hana a makaranta zai je ya gwada a ɓoye a ɗakinsa, ba mai duba shi. Gara a koya masa a gaban malami, mataki-mataki. Ɗan aji ɗaya ya fara da LM386 da batir mai bolt 9, wanda bai kai wat 1 ba. In ya ƙware ya hau TDA2030 mai wajen wat 14, sa'an nan LM3886 mai wat 68 a kan om 4. Sai bayan wannan ya taɓa babbar amfilifaya ta taransistoci. Kada a kunna sabon aiki sai an sa ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, a kan hanyar wutar: in akwai kuskure ƙwan zai haska sosai ya tare ɓarnar. Kada a jona lasifika sai an auna bakin fitar da mita. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su ba mu tebur biyu a ɗakin gwaje-gwaje, da mita biyu ko uku, da yammacin rana ɗaya a mako. Ina roƙon 'yan'uwa a ikkilisiya kada su zubar da matattun rediyo, su kawo mana, akwai kayan aiki a cikinsu. 'Yan mata kuma kada su ce wannan na maza ne, dalma ba ta san hannun namiji ko na mace ba.

Ya ku ɗalibai, musamman masu fita a bana, kada ku raina aikin hannu. Ubangijinmu Yesu an san shi da sana'ar sassaƙa a Nazarat, Manzo Bulus kuma yana ɗinkin tanti yana wa'azi. Burina shi ne, nan gaba in na shiga ɗakin sujada na makarantar nan, in ji murya tana fita sarai daga na'urar da 'ya'yanmu suka haɗa, a jikinta an rubuta wat 60, kuma wat 60 ɗin ne na gaskiya.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.