Ƙamshin zuma, shaidar asalinta

Duk wanda ya taɓa sayen zuma a kasuwar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko a bakin tasha a Yamai, ya san yadda cinikin yake. Mai kaya ya ce wannan ta Madarunfa ce, waccan ta Gaya, ya rantse. Mai saye ya buɗe kwalba, ya sunsuna, ya lasa, ya biya. In an dubi gaskiya, cinikin biri a sama ne, domin babu shaida sai bakin mai kaya. Amma sunsunawar nan ba aikin banza ba ce. Masana a yau hanyar hancin suke bi, sai dai su da na'ura suke yi.

Zuma kusan dukanta sukari ce da ruwa, kuma nan zumar kowace ƙasa ta yi kama da ƴar'uwarta. Bambancin yana cikin ɗan abin da ya rage, wato sinadaran da ke tashi cikin iska su iske hanci. An gano irinsu sama da 600 cikin zumar duniya. Wasu daga ruwan fure suke, wasu ƙudan zuma ke samar da su cikin amya, wasu kuwa hannun mutum ne: wuta, hayaƙi, da daɗewar ajiya.

A da, ƙurar fure ake dubawa da madubin ƙara girma, a ƙirga ta, a san itacen da ƙuda ya ziyarta. A shekara ta 1978 Luvo na Faransa da abokan aikinsa biyu suka fitar da ƙa'idar wannan aiki, wadda ake bi har yanzu. Sai dai tana da giɓi. Furen lemu da na lavanda ba su barin ƙura da yawa cikin zuma, kuma mai ha'inci na iya tace ta da injin har ƙurar ta fita.

Hanyar ƙamshi ta samo tushe a Landan a 1952, inda Martin da Jems suka ƙirƙiro na'urar rarrabe iska, wadda ake kira kromatogirafi. A 1990 kuma, a jami'ar Watalu ta Kanada, Pawlishin ya fito da wani ɗan zare mai tsotsar ƙamshi. Ga yadda ake yi. A zuba ƴar zuma cikin kwalba, a toshe, a ɗumama ta kaɗan. A soka zaren cikin iskar da ke saman zumar, ba tare da ya taɓa ta ba, ya sha ƙamshin. Daga nan a sa shi bakin wani bututu siriri kamar gashi, mai tsawon mita 30, a naɗe cikin tanda. Iskar heliyum ta tura sinadaran ciki. Tare suke shiga, amma ba tare suke fita ba: masu saurin tashi su yi gaba, masu liƙewa jikin bututu su yi baya, kamar ayarin motoci da suka bar gari tare suka iso shingen duwan ɗaya bayan ɗaya. A bakin fita wata na'ura ke farfasa kowane, ta auna nauyin gutsattsarinsa, a san sunansa.

Ta haka aka gane cewa wasu irin zuma na da tambarinsu. Ta lemu tana ɗauke da wani sinadari mai suna metil antiranilat. Ta itacen turare kuwa an san ta da yawan asetoyin. Ƙasar Niyu Zilan ta kai abin ga doka: tun 2018 ba a fitar da zuma da sunan manuka sai an samu sinadarai 4 da aka ƙayyade, tare da shaidar ƙurar furen itacen.

Dalilin wannan wahala kuɗi ne. A 2023 Tarayyar Turai ta bayyana binciken da ta yi a iyakokinta: cikin samfur 320 na zumar da ake shigo da ita, an yi zargin algus da ruwan sukari a 147, wato kashi 46 cikin 100. An kuma tarar da masu ɓoye ƙasar da kaya suka fito.

Amma na'urar nan ba boka ba ce. Ba ta sanin gari, itace take sani, kuma shi ma sai wanda aka riga aka nuna mata. Gano wuri ya fi gano fure wuya, domin kurna ɗaya ce a Yaman da Tawa. Dole sai an tara zumar da aka tabbatar da asalinta, daga amya kai tsaye, damina da rani, shekara da shekaru, a rubuta ƙamshinta ya zama ma'auni. Sannan zumar da aka ɗiba da hayaƙi mai yawa, ko aka narke bisa wuta, shaidarta ta gurɓace.

Nan ne maganar ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati. A 2013 farar zumar Oku ta Kamaru ta samu rajistar sunan asali a hukumar OAPI, wadda Nijar ke cikinta. Sunan da ba a rubuta siffarsa ba, kowa na iya manna shi bisa kwalba, ribar ta wuce mai amya da ya hau itace cikin dare ya sha harbi. Zumar Madarunfa, da ta Magarya, da ta Tamu, hancin masu saye ya daɗe da shaida su. Abin da ya rage shi ne a mai da wannan sani rubutu, tun kafin wani ya ci kasuwa da sunansu.