Mayun Salem Da Mu 'Yan Makarantar Sakkwato

Daga cikin wasannin kwaikwayo na Turanci da ɗalibai ke karantawa akwai wanda wani Ba'amurke, Arthur Miller, ya rubuta, aka fara nuna shi a birnin Niyok cikin 1953. Sunan wasan The Crucible, watau kaskon da maƙeri ke narka ƙarfe a ciki don a rabe mai kyau da gurɓatacce. Da yawanmu mukan haddace sunayen 'yan wasan saboda jarrabawa, in an tashi daga jarrabawa mu ajiye littafin. Mu dai a ganinmu wannan hasara ce, domin kuwa abin da ke cikinsa ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Asalin labarin gaskiya ne. A shekarar 1692, a ƙauyen Salem na ƙasar Masacusets, inda Kiristocin nan masu tsananta wa kansu da ake kira Furitan suka zauna bayan sun baro Ingila, waɗansu 'yan mata suka kama faɗuwa suna birgima, suna cewa ana kama su. Aka ce su faɗi masu kama su. Suka fara da mata 3 marasa gata: wata baiwa mai suna Tituba, da wata mabaraciya, da wata marar lafiya da ta daina zuwa majami'a. Kafin wutar ta mutu an zargi mutum fiye da 200, an rataye 19, an kuma danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya cika, don ya ƙi buɗe baki a gaban shari'a.

Miller bai bi tarihi sau da ƙafa ba. Abigail, shugabar masu ƙarar, 'yar shekara 11 ce a tarihi, shi kuwa ya mai da ita 17, ya kuma ƙaga cewa ta taɓa yin lalata da manomin nan John Proctor, don a sami dalilin da zai sa ta nemi halaka matarsa Elizabeth. Waɗansu masu sharhi sun ce da haka ya mai da annobar gari guda ta zama kishin mace ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma in an duba da kyau, Abigail ashana kurum ta ƙyasta, itacen kuwa wasu ne suka tara shi: limamin majami'a Parris mai tsoron rasa muƙaminsa, da attajiri Putnam mai haɗamar gonakin maƙwabta, da alƙali Danforth wanda ya gwammace ya ƙara rataye mutane da ya yarda kotunsa ta yi kuskure tun farko.

Abin da ya fi ba da tsoro a wasan shi ne irin shaidar da kotun ta karɓa. Yarinya ta ce ta ga kurwar wane ta zo tana shaƙe ta, alhali mai kurwar yana gida yana barci. Ba mai ganin abin sai mai ƙara, saboda haka ba yadda za a ƙaryata ta. Wanda ya amsa laifin da bai yi ba, ya kuma ambaci sunayen wasu, ya tsira da ransa; wanda ya tsaya a kan gaskiyarsa igiya ce rabonsa. Ke nan an kafa shari'ar da ƙarya ke ceto, gaskiya ke kisa. Har Elizabeth, wadda mijinta ya shaida ba ta taɓa ƙarya ba, ta yi ƙarya sau ɗaya tak don ta rufa masa asiri, wannan ƙaryar kuwa ita ta rushe shaidarsa. A ƙarshe Proctor ya sa hannu a takardar amsa laifi, da ya ga za a manna ta a ƙofar majami'a a shafa wa sauran baƙin jini da sunansa, sai ya kekketa ta, ya zaɓi igiya.

Miller na da nasa dalili. A zamaninsa ana farautar 'yan kwaminis a Amurka, ana tilasta wa mutum ya tona abokansa. Shi kansa an kira shi gaban kwamitin majalisa a 1956, ya ƙi faɗin sunan kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

To, jama'a, mu dawo gida. Wane Bahaushe ne zai karanta wannan bai tuna da yadda ake kama maye a ƙauyukanmu ba? Zazzaɓi ya kama yaro, ya shiga sambatu, a kira mai magani ya yi masa turare, a tsare shi da tambaya har ya ambaci sunan wata tsohuwa. Daga nan sai a jawo ta, a ce ta tsallaka shi ta sakar masa kurwa. In ta tsallaka ya warke, an ce ga shaida. In ya mutu, an ce ta riga ta cinye. In ta ƙi tsallakawa, an ce da ba ta da ƙanƙara a ciki me take tsoro? Ko ta ina aka bi ba ta da mafita, kuma tabon ba ya tsayawa kanta, har jikokinta sai sun rasa mai aurensu. Mu lura kuma ba a cika jifan matar hakimi ko uwar attajiri da wannan kalma ba. Dokar Final Kot da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta hana irin wannan gwaji, amma doka a takarda ba ta hana abin da ke cikin zukata.

Kada kuma mu 'yan boko mu ce wannan halin mutanen ƙauye ne. A watan Mayu na 2022, a nan Sakkwato, cikin Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, taron da ɗalibai ke ciki ya kashe wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci, ya ƙona gawar, ba alƙali ba shari'a. Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan. A watan Yuni na 2023 aka kashe wani mahauci a garin nan bisa irin wannan zargi. Ba muna cewa ɓatanci ƙaramin abu ne ba, Allah ya kiyaye. Abin da muke cewa shi ne, kome girman laifi, tabbatar da shi da hukunta shi aikin alƙali ne. Wanda bai gamsu ba ya tuna da mafarauta 16 'yan Arewa da taro ya kashe a Uromi ta Jihar Edo cikin Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano, bisa zargin satar mutane. Su ma waɗanda suka kashe su sun tabbata a ransu gaskiya suke bi. Ranar mun yi kuka muna tambaya: ina shaida, ina kotu? Tambayar da muka yi wa Uromi dole mu yarda a yi mana ita.

Ba ma sai mun je Amurka neman magani ba. Tun Shehu Usmanu yana Degel aka sami waɗansu almajirai masu zafin kai da ke tsare talakawa da tambayoyin ilmin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujjoji irin na malamai su ce kafiri ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu bai yaba musu don kishin addini ba. Ya yi musu raddi, har Muhammadu Bello ya ambata cikin Infaƙul Maisuri cewa rubuce-rubucensa a kan wannan sun haura 50. A wurin Shehu, mutum ana hukunta shi da abin da ya bayyana, abin da ke ɓoye kuwa na Allah ne. Shari'armu ta ɗora wa mai ƙara nauyin kawo shaida, ta ce a janye haddi in akwai shubuha, ta kuma umurce mu da bincika labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna da-na-sani. Da kotun Salem ta riƙe ko ɗaya daga cikin waɗannan, da ba a rataye kowa ba.

Mutanen Salem sun farga daga baya. Gwamna ya rushe kotun cikin Oktoba na 1692, ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya nemi gafara a bainar jama'a a 1697, aka biya iyalan waɗansu diyya a 1711. Amma wanda aka rataya ya tafi ke nan.

Mu ne gobe za mu zama alƙalai da malaman makaranta da 'yan sanda da ma'aikatan ofis. Za a kawo mana takardar ƙara ba sa hannu, za a turo mana murya ta waya a ce wane ya faɗi kaza, za mu ga taro ya kewaye mutum ɗaya a tasha ko a kasuwa. A irin wannan rana muna roƙon kowane ɗayanmu ya zama mai tambayar wa ya gani, wa ya ji da kunnensa, ya kuma nemi a kai maganar gaban hukuma, ko da za a harare shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mu da zalunci, ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinsa, amin.