LAFIYA UWAR JIKI: Bitamin B12 ba ya tafiya sai da ɗan rakiya

A wannan wata za mu yi magana bisa wani abu ɗan mitsitsi da ke cikin nono, da nama, da hanta, da kifi, da ƙwai. Likitoci suna ce masa bitamin B12. A shekarar 1948 aka fara ware shi. Ba a samun sa a hatsi, ko dawa, ko wake. Cikin tumbin saniya da akuya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke yin sa, ya shiga nama da nono.

B12 ba ya tafiya shi kaɗai. Cikin abinci yana maƙale da furotin, wato abin nan mai gina jiki. In ka ci, ruwan tsami na tumbinka ya kwance shi. Nan da nan wani furotin na miyau ya riƙe shi. Da sun kai hanji, sai na uku, wanda tumbi ke yi, ya karɓe shi, ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji. Can ƙofar shiga jini take. In babu ɗan rakiyar nan, kusan duka sai ya wuce a banza. Cikin jini ma wani furotin ke goya shi zuwa hanta da ɓargo.

Wurin aiki ma haka ne. Ku dubi hauya. Ruwanta ba ya noma sai an ɗora shi a ƙota. B12 shi ne ruwa, furotin shi ne ƙota. Sai sun haɗu ɓargo ke yin jini mai kyau, jijiyoyi su zauna lafiya.

Hanta tana ajiye B12 na ƴan shekaru, kamar rumbu. Don haka rashinsa yakan shigo a hankali: kasala, ƙarancin jini, ƙafafu suna mutuwa, mantuwa. In an daɗe ba magani, jijiya na iya lalacewa, ba gyara.

To, mai gida, kada a kai nono duka kasuwa, a bar yara da fura da ruwa. A rage ƙwarya guda a gida. Mai ciki da mai goyo su fara sha, domin jariri daga uwarsa yake samu. Ƙwan zabi da ƙananan kifi ma suna taimako.

Tsofaffi kuwa, wani lokaci tumbinsu yakan daina yin ɗan rakiya. Ko sun ci nama, bai isa ba. A kai su asibiti. Akwai allura mai kai B12 jiki ba ta hanyar hanji ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.