Kwasa-kwasan Kyauta na Intanet: Abin da Yawuri Ke Buƙata Shi Ne Zaure

Yau matashin da ke Wara ko Shanga, in yana da waya da ɗan kuɗin data, zai iya karanta darasin da malaman jami'a suka tsara a Ingila ko Amurka ba tare da ya biya ko sisi ba. Jami'ar MIT ta fara sakin kayan darussanta kyauta a 2002. A 2006 Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta kafa OpenLearn, inda ake samun gajerun kwasa-kwasai kan kimiyya, lissafi, tarihi, falsafa, kiwon lafiya da adabi, wasu ma na 'yan sa'o'i ne kawai. Coursera da edX suka biyo baya a 2012. A gida kuma, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, ta ɗora littattafan darussanta a intanet don kowa ya sauke.

Ganin haka, wasu na cewa an gama da matsalar rashin gurbin karatu. Ni ban ga haka ba. Kwas na kyauta ba zai amfani ƙasar Yawuri ba matuƙar an bar kowane ɗalibi shi kaɗai da wayarsa.

Wani bincike da masana daga MIT suka wallafa a mujallar Science a 2019, kan darussan MIT da Harvard da ke edX, ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshe, kuma yawancin masu karatun daga ƙasashe masu arziki suke. In waɗanda ke da wuta dare da rana suna yankewa a hanya, ina ga wanda sai ya kai wayarsa shagon caji? Ga kuma Turanci. Kusan duk darussan nan da shi aka rubuta su, kuma misalansu na wata ƙasa ne daban.

Amma wannan ba dalilin juya musu baya ba ne, domin yankin yana da tambayoyin da ilimin jami'a ke iya amsawa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kuma tashi dubban mutane daga tsibirai da bakin kogi, cikinsu har da Gungawa, rayuwar wurin ta ɗaure da tabki. Mai sana'ar su yana son sanin abin da ke sa kifi ya ragu. Manomin albasa da shinkafa yana son fahimtar ƙasa da ban-ruwa. Mai haƙar zinariya yana buƙatar sanin illar sinadaran da yake taɓawa da hannu. Haɗarin jirgin ruwan da ya ci rayuka masu yawa kusa da Wara a watan Mayun 2021 tambaya ce ta nauyi da ma'auni kafin ta zama ta hukuma. Shi kuwa malamin tarihi, yana da masarautar da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka ziyarta a 1830, kuma kwas kan yadda ake tantance hujjar tarihi zai taimaka masa ya gwada rubutun baƙi da labarin da dattawa suka riƙe.

Ga kuma harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yunin 2021, inda aka sace ɗalibai da malamai. Bayan irin wannan, ba za a ga laifin uban da ya ji tsoron tura 'yarsa makarantar kwana ba. Karatun da za a iya yi kusa da gida ya zama larura.

To, yaya za a yi? Hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu ba su karanta littattafan fiƙihu da nahawu su kaɗai ba. A zaure suke zama, malami ya karanta Larabcin, ya fassara da Hausa, ya kawo misali, ɗalibi ya yi tambaya, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Haka ya kamata a yi wa waɗannan kwasa-kwasai. Mutum ɗaya ya sauke darasin, tunda OpenLearn na bari a sauke yawancinsu a karanta ba tare da intanet ba, ya raba wa mutum goma. A riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako a wani aji bayan an tashi makaranta, mata kuma su sami tasu majalisar a cikin gida. Ma'aikaciyar jinya ta jagoranci darasin lafiya, malamin gona ya jagoranci na ƙasa da ruwa.

Za a ce ai takardar da ake bayarwa ba digiri ba ce, ba ta samar da aiki. Gaskiya ne, kuma bai dace a yaudari matasa a kan haka ba. Ribar tana wani wuri: malamin firamare da ya fahimci abin da yake koyarwa, da yarinyar da ta ɗanɗana ilimin halittu kafin ta zaɓi fannin da za ta nema a Aliero ko Birnin Kebbi.

Nauyin yana kan mu da muka yi karatu. Masarautar da Sarkinta, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba ta rasa masana ba. Abin da ya rage shi ne kowanenmu, ko yana Yelwa ko yana zuwa gida ƙarshen wata, ya zaɓi kwas ɗaya a fanninsa, ya nemo matasa goma, ya sa rana.