Yaran Zango Sun Fi Ƙarfin Zanen Shafin Intanet

Tun da aka ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan ɗaya kan rubuta manhaja a Gana a watan Afrilun 2025, zancen da ake ji daga Maamobi zuwa Nima iri ɗaya ne: yaro ya koyi haɗa manhajar waya ko zana shafin intanet, shi ke nan ya zama masanin kwamfuta. Ban yarda ba. Wannan tunani yana takaita yaranmu, yana kuma barin na'urorin da rayuwarmu ta rataya a kansu a hannun waɗanda ba su taɓa shan dumso, wato yawan ɗaukewar wuta, ba.

Ɗauki mitar wutar lantarki ta ECG mai kati da ke bangon gidanku. Kwamfuta ce, ko da ba ta da fuskar taɓawa. Wutarmu tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, mitar kuma tana auna ta ba hutawa, tana rage kuɗi, tana nuna lamba, tana sauraron maɓalli. Ƙwaƙwalwarta ɗaya ce, abu ɗaya take iya yi a lokaci guda. Ranar da aka ɗauke wuta, ɗan cajin da ya rage mata na ƙiftawar ido ne, kuma a cikinsa za ta rubuta ragowar kuɗinka a ma'ajiyar da ba ta gogewa. Ta yaya ta san ta saki komai ta yi wannan? Siginar katsewa ce ke katse mata hanzari. Ƙwaƙwalwar ta adana inda ta tsaya, ta ruga ta biya buƙatar gaggawa, sannan ta dawo daidai inda ta baro. A guntun Cortex-M3 na kamfanin ARM, bugun agogo 12 kacal ake ɗauka kafin a shiga aikin katsewa, kuma guntun da kansa ke adana rijista 8 kafin ya tafi.

A nan gwaninta take. Ƙa'idar ita ce kada aikin katsewa ya daɗe: ya karɓi saƙo, ya tayar da aikin da ya dace, ya fita. Daga nan sai sashen manhaja mai rabon lokaci ya duba wane aiki ne ya fi muhimmanci cikin waɗanda suka shirya, ya kwashe kayan aikin da ke gudana ya ajiye, ya shimfiɗa na wanda ya zaɓa. Kamar ma'aikaciyar jinya ce a asibitin Maamobi da ke barin mai mura ta tari wanda aka kawo jina-jina, ba tare da ta manta inda ta tsaya da na farkon ba.

Masu wancan ra'ayi za su ce ai guntayen yanzu suna da sauri, sauri kuma yana rufe kowane kuskure. Ba ya rufewa. Kumbon Pathfinder na Amurka ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yuli, 1997, yana aiki da tsarin VxWorks, sai kwamfutarsa ta riƙa kashe kanta tana tashi. Wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ne ya riƙe makullin da babban aiki ke jira, matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin samun damar ƙarasawa ya saki. Babba ya zauna jiran ƙarami har wa'adinsa ya wuce. Injiniyoyin NASA ba su sauya guntu ba, don ba mai iya zuwa can. Daga ƙasa suka aika gyara, wanda ya sa duk ƙaramin aikin da ya riƙe makulli ya ari girman mai jiransa har ya saki. Matsalar tsarin fifiko ce, kuma a tsari aka warware ta.

Sai hujja ta biyu, wai wannan ilimin jami'a ne, ya fi ƙarfin ɗan Zango. Wanda ya faɗi haka bai tsaya ya kalli masu gyaran waya a Circle ba, yadda suke ɗaga guntu da iska mai zafi su mayar da shi ba tare da hannu ya yi rawa ba. Rabin sana'ar tana hannunsu tuni. Abin da ya rage shi ne su san abin da ke gudana a cikin guntun, domin yau idan inbata ko mai cajin sola ya rikice, iyakar maganinmu a cire allon a sayo wani da dala. Kuɗi ma ba shi ne shinge ba. FreeRTOS, tsari irin na VxWorks wanda Richard Barry ya fitar a 2003, kamfanin Amazon ya karɓi kulawarsa a 2017, kyauta ne, kuma yana gudana a kan allunan STM32 da ESP32 masu arha.

Ba na raina masu zana shafi, sana'a ce mai ci da mutum. Amma cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da Asusun Raya Zango su sani cewa aji mai kwamfutoci zalla bai cika ba. A sa allo, ƙarfen walda da na'urar duba sigina a kowane aji na Ayawaso. Jarrabawar farko kuma ta zama wannan: ɗalibi ya haɗa na'ura mai ƙirga kuɗi, malami ya zare mata wuta ba sanarwa, a mayar, a duba ko lissafin yana nan daidai.